Gadon sarauta ne ya ci Sarauniya Mary ta Scotland

Tun da wancan gajeren bidiyon ya fara yawo, wanda aka jera zane-zane aka ɗora musu sauti mai sosa zuciya, kowa ya zama masanin tarihin Turai, kuma hukuncin da ake ta maimaitawa guda ne: wai an fille wa Sarauniya Mary ta Scotland kai ne saboda ta ƙi barin addininta na Katolika. Wasu har suna kiranta shahidiya, wasu kuma sun mayar da labarin sandar dukan waɗanda akidarsu ta bambanta da tasu. Madalla da wannan ilimi na minti biyu. Gadon sarauta ne ya ci Mary Stuart, addini kuwa riga ce da kowane ɓangare yake sakawa idan ta yi masa amfani, ya tuɓe ta idan ta takura shi.

An haife ta ranar 8 ga Disamba 1542 a fadar Linlithgow, kuma tana da kwana shida a duniya mahaifinta James na Biyar ya rasu, sarauta ta faɗo kanta. Ba ta kai shekara guda ba Sarki Henry na Takwas na Ingila ya nema wa ɗansa Edward aurenta, da manyan Scotland suka warware alkawarin sai ya aika dakaru suka ƙone Edinburgh a 1544. Ina so masu bidiyon su faɗa mini akidar da jaririya mai shan nono ta riƙe har aka ƙone birni dominta. Abin da take ɗauke da shi jini ne, domin kakarta Margaret Tudor yayar Henry ce, saboda haka duk wanda ya aure ta ya sami Scotland a hannu, ya kuma sami ƙafar shiga gadon Ingila. Wannan ne ya sa aka tsere da ita Faransa a 1548, aka aurar da ita ga yarima mai jiran gado Francis a 1558. A cikin shekarar Elizabeth, 'yar Henry na Takwas kuma 'yar Furotesta, ta hau gadon Ingila, sai surukin Mary, Sarki Henry na Biyu na Faransa, ya sa aka haɗa tambarin sarautar Ingila da nata, ma'ana Mary ce halastacciyar sarauniyar Ingila. A nan gabar ta ƙullu, tun kusan shekara talatin kafin a ɗaga gatari.

Wanda yake son sanin yadda Mary ta ɗauki addini a harkar mulki ya duba abin da ta yi lokacin da iko yake hannunta. Mijinta ya rasu a Disamba 1560, ta koma gida a Agusta 1561 tana bazawara 'yar shekara 18, ta tarar majalisar ƙasar ta riga ta soke ikon Fafaroma. Ba ta rushe wannan tsari ba. Ta ba da sanarwa cewa a bar addini yadda ta same shi, ita kuma a bar ta da ibadarta ta Katolika a cikin fadarta, duk da cewa malamin Furotesta John Knox bai daina caccakarta a kan mumbari ba. Babban mashawarcinta ɗan'uwanta ne da suke uba ɗaya, James Stewart, ɗan Furotesta. Abin da ya fi wannan ma, a 1562 ita da kanta ta hau doki zuwa arewa ta fuskanci George Gordon na Huntly, basaraken Katolika mafi ƙarfi a ƙasar. Aka murƙushe shi a Corrichie, aka fille wa ɗansa John kai a Aberdeen, gawar shi George Gordon kuma aka kai ta gaban majalisa aka yi mata shari'ar cin amanar ƙasa. Shahidiyar tamu ke nan, wadda ta karya gidan da ya fi kowa iya kare ɗarikarta, saboda ya raina ikonta.

Aurarrakinta ma labarin ɗaya ne. Ta auri Henry Darnley a 1565, kuma babban jarinsa shi ne shi ma jikan Margaret Tudor ne, don haka ɗan da za su haifa zai gaji haƙƙin Ingila ta uwa da ta uba. Darnley, wanda ya tashi a gidan Katolika, bai ga aibi ba wajen haɗa kai da sarakunan Furotesta suka daddaɓa wa sakatarenta David Rizzio wuƙa a fadar Holyrood a Maris 1566, tana da cikin wata shida, don kawai sun yi masa alkawarin cikakkiyar sarauta. A Fabrairu 1567 aka tashi gidan da Darnley yake jinya da albarushi a Kirk o' Field, aka tsinci gawarsa a lambu. Kowa ya nuna James Hepburn na Bothwell da yatsa, kuma wata uku bayan haka, ranar 15 ga Mayu, Mary ta aure shi bisa ibadar Furotesta. Ko tilasta mata aka yi ko da yardarta, biri ya yi kama da mutum a idon talakawanta, Katolikansu da Furotestansu, kuma wannan aure ne ya tsige ta. Aka kulle ta a tsibirin Lochleven, ta yi ɓari, aka sa ta sauka a Yuli 1567 aka naɗa ɗanta mai shekara guda.

Na san abin da za a zo mini da shi: ai Fafaroma Pius na Biyar ya kori Elizabeth daga coci a 1570, ai Mary ta sa jan tufafi ranar kisanta, launin shahada a wurin Katolika. Na ji. Addini ya samar wa kowane ɓangare mayaƙa da kuɗi da taken yaƙi, babu mai musun wannan, kuma mace mai basira irin Mary ta san sunan da take so tarihi ya kira ta da shi. Amma idan akidarta ce laifinta, me ya sa Elizabeth ta riƙe ta kusan shekara 19, bayan ta gudo Ingila a 1568, ba ta kashe ta ba, har ta ƙi amincewa lokacin da majalisarta ta nemi kanta a 1572 bayan makircin Ridolfi na ɗora Mary a gadon Elizabeth? Akidar ba ta canza ba daga 1568 zuwa 1586. Abin da ya canza shi ne wasiƙar da ta aika wa Anthony Babington, jagoran wasu 'yan Katolika masu ƙulla makirci, a Yuli 1586, wadda aka ɓoye a gangar giya a Chartley inda ake tsare da ita, mutanen Francis Walsingham, shugaban 'yan leƙen asirin Elizabeth, suka kama suka warware rubutun sirrinta, aka karanta amincewarta da shirin kawar da Elizabeth. A kan wannan aka yi mata shari'a a Fotheringhay. Masu cewa kishin mata ne kuwa ba zan ɓata musu tawada ba, tunda matan nan biyu ba su taɓa sa juna a ido ba.

Kada a ɗauka ba na tausayinta. Mace ce da ta tsallaka ruwa cikin kwalekwalen masunta a Mayu 1568 tana neman mafaka wurin 'yar'uwarta Elizabeth, aka mayar da ita fursuna ba tare da an tabbatar mata da laifi ba. Rabonta da ɗanta tun yana wata goma. An ɗana mata tarko, an hana ta lauya, an kashe ta ranar 8 ga Fabrairu 1587 tana da shekara 44. Zalunci ne, kuma zaluncin masu tsoron rasa kujera ne. Shi kansa ɗan nata James ya fi kowa fahimtar haka: ya ƙulla yarjejeniyar Berwick da Elizabeth a 1586, yana karɓar kuɗinta, da aka kashe mahaifiyarsa ya yi ƙorafi ya tsaya nan, domin yana hangen gadon Ingila da ya hau a 1603. Sai a 1612 ya ɗauko gawarta daga Peterborough ya kai Westminster.

Wanda bidiyon bai ambata ba, kuma ya fi ba ni haushi, shi ne sakataren Elizabeth, William Davison. Elizabeth ta sa hannu a takardar kisan ta miƙa masa, 'yan majalisarta suka aika da ita Fotheringhay, da aiki ya kammala sai ta ce ba ta ba da umarnin aikawa ba. Aka ɗora wa bawan Allah jakar tsaba, aka ci shi tara mai tsanani, aka kulle shi a Hasumiyar Landan har 1588, kuma bai sake komawa bakin aikinsa ba, alhali babban mashawarcinta William Cecil da ya jagoranci aika takardar ya ɗan sha fushi na watanni ya dawo kujerarsa.