Kimiyyar Harshe a Aikace Ta Wuce Koyar da Turanci

Ɗalibai da dama na ɗauka cewa kimiyyar harshe a aikace ba komai ba ce illa ɗauko ra'ayoyin masana nahawu a kai su aji. Wannan fahimta tana da tushe. Fannin ya fara tashe ne da koyar da Turanci ga baƙi, a Jami'ar Michigan ta Amurka a shekarun 1940, sannan a Jami'ar Edinbura ta Birtaniya. Har a 1973 masanin harshe Pit Corder yana cewa mai wannan aiki mai amfani da ra'ayoyin masana ne kawai, wasu ke ƙirƙira masa.

Sai dai tafiya ta sauya. Corder ɗin da kansa ya riga ya nuna tun a 1967 cewa kurakuran mai koyon harshe suna da tsari, kuma daga nan aka samu sabon fagen bincike. Wani masanin harshe, Henry Widdowson, ya ce a faro daga matsalar, a nemo maganinta ko'ina, ko a ilimin halayyar ɗan'adam ne ko na zamantakewa. A ganina nasa ya fi kama hankali: tafinta a kotu ko likitan da bai jin yaren majinyaci, nahawu kaɗai ba zai warware musu ba.