Sai hali ya zo ɗaya ake abota

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan isha'i ƙanena da ke karatu a Jami'ar Danfodiyo ya ba ni wani labari, wallahi har na kwanta abin bai bar raina ba.

A wani bincike da anka wallafa a 2008 wasu masana na Imperial College a Landan tare da abokin aikinsu na Amurka sunka ɗauki guntayen DNA iri biyu, wato zaren gadon nan da ke cikin ƙwayoyin jikinmu wanda Allah Ya rubuta da haruffa huɗu kacal, A, T, C da G, sunka sa ma kowane iri kalar shi, sunka zuba cikin ruwa mai gishiri sunka bar su. Babu furotin, wato sinadaran da ke haɗa zaren da ɗan uwan shi a cikin ƙwayoyin jiki, babu mai yi musu jagora. Bayan sati biyu da anka duba, masu jerin haruffa iri ɗaya sun fi taruwa wuri guda, kusan ninki biyu. Kuma fa zaren a murɗe yake kamar igiya, haruffan na ɓoye daga ciki! Bayanin da biyu daga cikinsu, Kornyshev da Leikin, sunka kawo tun 2001 shi ne jikin zaren na ɗauke da cajin lantarki, in jerin ya zo ɗaya sai murɗin wanga ya dace da murɗin wancan kamar haƙoran zif, in ya bambanta ko sun faro tare gaba kaɗan sai su saɓa. Subhanallah. Allah Ya ce a Alƙur'ani: "Wa fi anfusikum afala tubsirun," wato a cikin kawunanku ma akwai ayoyi, shin ba ku gani?

Nan take na tuna hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya ce rayuka runduna ce a tare, waɗanda sunka san juna su haɗu, waɗanda ba su san juna ba su rabu. Ban ce hadisin DNA yake nufi ba, a'a, kar a ɗora min. Amma ya sa na tambayi kaina, wace majalisa ƙafata ke kai ni ba tare da an kira ni ba? Wane guruf nake fara buɗewa a WhatsApp in na farka? Ɗan uwa duba naka kai ma, in kullum wurin masu cin naman mutane kake jin daɗin zama har ladan ya kira magariba ba wanda ya motsa, to akwai abin da ya yi kama a ciki, kar mu yaudari kanmu.

Abin da ya fi taɓa ni ma shi ne gyara. In zaren ya tsinke a cikin ƙwaya, ɗaya daga hanyoyin gyaran shi ita ce a nemo ɗan uwan shi mai lafiya a kwafo abin da ya ɓace daga gare shi. Ina da wani aboki a Mabera da ya riƙa buga min ƙofa sallar asuba lokacin da na yi sanyi, shekara biyu ke nan ban neme shi ba. Yau in sha Allah bayan la'asar can za ni.