Jalɗa ba ta jiran a gama shawara

'Yan uwana matasa, musamman mu da muka tashi ko muke neman abinci a nan Makka da Jidda, ina so mu yi maganar jalɗa, wadda a gida ake kira shanyewar ɓarin jiki. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, domin akwai laifina a ciki, amma in na yi shiru wani zai maimaita abin da muka yi.

Yayana direba ne, shekararsa 43 lokacin da abin ya same shi. Tsakanin Makka da Jidda yake jigilar fasinja, a Umrar azumi kuwa barci ma sai a cikin mota. Wata safiya bayan sallar asuba muna zaune a ɗakinsa a Shari' Mansur, matarsa ta kawo shayi da tamis. Ya kai kofi baki, sai na ga shayin yana bin gefen bakinsa na dama yana ɗiga a kan jallabiya. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya buɗe baki zai amsa, maganar ta fito a cakuɗe kamar an ɗaure masa harshe. Kofin ya suɓuce. Ya bi hannun nasa da kallo kamar na wani.

Muka kwantar da shi. Umma ta ce a kawo zamzam, aka tofa aka ɗura masa, ya ƙware har idonsa ya kaɗa. Aka shafe shi da man zaitun da habbatus sauda. Wani maƙwabci ya ce iska ce, wata ta ce jifa ne tunda bai daɗe da sauya mota ba. Ni da ƙafata na je na ɗauko malami. Can kuma aka tuna iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta ƙare ba a sabunta ba, aka ce a bari a ga yadda zai wuni. Muna wannan shawara azahar ta wuce. Sai bayan la'asar, da ya kasa riƙe fitsari, muka sa shi a mota.

Tambayar farko da likita ya yi mini a ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, ita ce, "Ƙarfe nawa kuka gan shi lafiya na ƙarshe?" Na faɗa masa. Ya dubi agogo, bai ce komai ba. Wannan shirun har yau yana kunnena.

Daga baya ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Jalɗa iri biyu ce. Mafi yawanta, kusan kashi 85 cikin 100, gudan jini ne ke toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, sauran kuma jijiyar ce ke fashewa jini ya malala a cikin kai. Ga nau'in toshewa akwai allurar da ke narkar da gudan, amma a cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta. Akwai kuma aikin zaro gudan ta jijiyar cinya idan babbar jijiya ce ta toshe, galibi cikin awa 6, ga wasu marasa lafiya har zuwa awa 24 idan hoto ya nuna akwai sauran abin ceta. An ƙiyasta cewa a babbar jalɗa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa kowane minti. Mu mun kai shi bayan fiye da awa 10, hoton ya nuna wurin ya riga ya mutu. Asibitin kuwa tafiyar da ba ta kai ta minti 20 ba ce daga gidanmu.

Don haka ku riƙe wannan kamar yadda kuka riƙe lambar wayarku. In ka ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ka ce ya yi murmushi ka duba. Ka ce ya ɗaga hannu biyu, ka ga ko ɗaya zai sauka da kansa. Ka sa shi ya maimaita wata gajeriyar magana. Ko ɗaya daga ciki ta bayyana, ko ganinsa ya ɗauke, ko ya kasa tsayuwa, ko ciwon kai irin wanda bai taɓa ji ba ya sare shi, ka duba agogo ka riƙe lokacin, ka kira is'af, wato motar asibiti ta gaggawa, a 997 ko 911. Ka kwantar da shi a gefensa. Kada ka ba shi komai ta baki, ko ruwa, domin maƙogwaro ma yana shanyewa, ruwan ya bi ta huhu ya zama wata cutar. Kada ka ba shi asfirin, domin in fashewa ce ka ƙara masa zubar jini, kuma babu mai bambance su da ido sai hoton kai.

Na san abin da wani zai ce, wai ina raina ruƙya. Allah ya tsare ni. Ka karanta masa Fatiha da Falaƙi da Nasi a cikin motar is'af, ka ci gaba a bakin gadonsa, babu likitan da zai rufe maka baki. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Abana ɗan Sayyidina Usman bin Affan, malami ne mai ruwaito hadisi, ya yi gwamnan Madina, kuma wannan cuta da Larabawa ke kira falij ta same shi. Ba sai an yi wa mutum jifa take kama shi ba. Mu ne muke saurin neman wanda za mu zarga, mu ɓata zumunci da maƙwabta, alhali jinin mutum ya daɗe yana hawa ba mu auna ba.

Batun takarda kuwa, ban raina tsoron kowa ba, na san yadda kalmar tarhil, wato a tasa ƙeyar mutum zuwa ƙasarsa, take kaɗa hanjin magidanci mai 'ya'ya. Amma ku tambaye ni yau: da a ce Yaya ya koma Kano yana taka ƙafarsa yana kiran sunan 'ya'yansa, da abin da ya same shi, wanne za mu zaɓa? Takarda ana gyara ta, mun ma gyara daga baya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cutar ta yi sallama kafin ta shigo. Mako biyu kafin nan ya ce mini hannunsa ya mutu a kan sitiyari a hanyar Jidda, kamar minti 10, ya dawo. Na ce gajiya ce, Yaya, ka samu barci. Ashe ƙaramar jalɗa ce, irin wadda ke zuwa ta tafi, kuma likitoci na ɗaukar ta gargaɗi na gaggawa. An taɓa ɗora shi a kan maganin hawan jini, ya sha wata biyu, ya ji garau ya ajiye. Hawan jini shi ne babban mai jawo jalɗa, kuma sau da yawa ba ya ciwo. Wanda awonsa ke tsayawa a 140 bisa 90 ko sama yana bukatar likita, wanda aka ba magani kuma ba ya ajiyewa don ya ji sauƙi, sauƙin ai maganin ne ya kawo shi.

Mu dubi kanmu. Kabsa ko burost ƙarfe ɗayan dare, siriyya da yaji mai gishiri da dunƙule, shayi cokali uku na suga, lemon gwangwani mai hana barci don a ƙara sawu ɗaya, shisha da sigari a majalisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba kada ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali guda. Ga ciwon suga da ya yi mana yawa, ga sikila da ke cikin danginmu, wadda ke iya sa ko yaro ƙarami ya samu jalɗa. Mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka haura shekara 25 zai gamu da jalɗa a rayuwarsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Yanzu ga maganar da ta fi tsawo, wadda ba a cika yi ba, wato bayan an sallamo mutum. Makon farko ɗakin Yaya ba masaka tsinke, kowa da ledar lemo da dabino. Zuwa wata na uku daga ni sai matarsa sai Umma. A wannan lokacin ne kuwa yake bukatar mutane, domin yawancin farfaɗowa a watanni 3 zuwa 6 na farko take samuwa, lokacin da ƙwaƙwalwa ke koyon bi ta wasu hanyoyin. Ana ci gaba da samun sauƙi bayan haka, amma a hankali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mai ilaj ɗabi'i, wato likitan gashi da motsa gaɓoɓi, ta koya mana abubuwan da da ba mu sani ba. A juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Kada a taɓa jan sa ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa, a tallafe ta da filo. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, a kuma fara da mai kauri. Wadda ta fi yi mana wuya ita ce, ta ce mu daina yi masa abin da zai iya da kansa. Tausayi ya sa matarsa ke sa masa maɓalli, ta ba shi abinci a baki. Ranar da aka bar shi da maɓallin jallabiya guda, ya fi minti biyar yana fama da shi, gumi na zuba, ni na fita waje don ba zan iya kallo ba. Da na dawo ya sa shi.

Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa abin ya taɓa, shi ya sa damansa ya shanye, magana kuma ta tafi, domin a mafi yawan mutane a can cibiyar magana take. Amma hankalinsa yana nan. Ina roƙonku don Allah, in kun je dubiya ku daina magana a kan marar lafiya kamar ba ya wurin. "Allah sarki, kamar ba shi ba." "Ai wane ma haka ya yi, bai yi shekara ba." Yana jin ku. Na ga hawaye na bin kuncin Yaya bayan irin wannan dubiya, ya juya fuska bango, ranar ko motsa jikin bai yarda ya yi ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi jalɗa suna faɗawa ciwon damuwa, kuma shi ma ana maganinsa, a gaya wa likita. Ka zauna inda zai gan ka, ka yi masa gajeriyar tambaya, ka jira amsa ko za ta daɗe, kada ka ƙarasa masa magana.

Wani dare ina sallar isha kusa da gadonsa na ji yana bi na Fatiha, aya bayan aya, tas, a lokacin da ko sunan matarsa ba ya iya furtawa. Likita ta ce hakan na faruwa, abin da harshe ya haddace tun yarinta yakan riga sauran dawowa. Daga nan muka fara, da gajerun surori da ƙirga da sunayen kwanaki. Sallah kuwa bai bar ta ba, a zaune, kafin nan a kishingiɗe, kamar yadda Annabi ya umarci Imrana bin Husaini. Azumi da ƙaho duka sai da muka tambayi likita, saboda maganin tsinka jini da yake sha.

Ku kuma tuna da mai jinya. Matar Yaya ta yi watanni ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba. Wanda ya zo ya ce mata, "Anti, je ki kwanta, yau ni zan kwana da shi," ya fi mai kawo kwalin lemo goma. Kai mai mota, ɗauki nauyin kai shi gashi rana ɗaya a mako. Kai mai ƙarfi, zo ka taya wanka. Wani abokinsa direba ya riƙa biyan kuɗin makarantar ɗansa shiru, sai daga baya muka sani. Zumunci a ƙafa yake.

Bayan wata takwas ya taka zuwa masallacin unguwa da sanda mai ƙafa huɗu. Mun tura shi a keke ya yi ɗawafi a bene, yana kuka tun daga zagaye na farko. Motar an sayar, tuƙi ya ƙare. Hannun dama har yanzu ba ya riƙe kofi, kuma wani lokacin da sunan ɗansa yake kira na, ni kuwa ina amsawa.

Na'urar awon jini da na saya saboda shi tana cikin motata, irinta kuma tana nan a saidaliyya, wato kantin magani. Duk wanda muka haɗu a majalisa bayan isha, ya ce mini in auna shi. Minti biyu ne, hannun riga kawai zai naɗe.