Kafin ka karɓi makullin ɗaki, ka duba ta inda za ka fita

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa.

Duk lokacin da aka ce wani dogon bene ya kama da wuta a wata ƙasa, abin da muke yi a nan Katsina sananne ne. Mu tura bidiyon a WhatsApp, mu rubuta Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, sai wani ya ƙara da cewa ai shi ya sa zaman gidan ƙasa ya fi. Addu'ar tana kan hanya, Allah ya karɓa. Maganar ƙarshen ce take damuna, domin ita ke sa mutum ya yi barci hankali kwance a ɗakin da aka garƙame tagarsa da ƙarfe, ƙofarsa ɗaya tak, ga jarkar fetur a zaure.

Mu ɗauki gobarar benen Grenfell a yammacin Landan, don an bi diddiginta har ƙarshe. Daren 14 ga Yunin 2017 ne, cikin watan azumi. Bene mai hawa 24, wuta ta tashi daga firji a kicin ɗin wani gida da ke hawa na huɗu, gab da ƙarfe ɗaya na dare, kuma mutum 72 suka rasa rayukansu. Akwai Musulmi da yawa a cikin mazauna ginin, wasunsu ba su kwanta ba saboda sahur, suka riƙa buga ƙofofin maƙwabta suna tayar da su. Firji ɗaya bai kamata ya cinye bene ba. An tsara irin wannan gini ne yadda wuta za ta tsaya a gidan da ta tashi har 'yan kwana-kwana su iso. Abin da ya rusa wannan tsari shi ne gyaran da aka yi wa ginin tsakanin 2015 da 2016, inda aka lulluɓe bangonsa ta waje da farantan ado. Kowane faranti fallen alminiyam ne guda biyu, kaurin kowanne rabin milimita, an manna su a kan roba mai kaurin milimita uku, kuma robar nan danginsu ɗaya da ledar da muke zuba kaya a ciki. Da wutar ta leƙo ta tagar kicin ta taɓa farantan, sai robar ta narke tana ci tana ɗiga, ratar da ke tsakanin faranti da bango kuma ta riƙa zuƙo iska tana tura harshen wutar sama. Ba a yi rabin awa ba ta kai ƙololuwar ginin. Matakala ɗaya ce a benen gaba ɗaya, kuma yawancin ƙofofin da ya kamata su rufe kansu su tare hayaƙi sun lalace ba a gyara ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne mazauna ginin sun yi ta kuka tun kafin abin ya faru. A Nuwamban 2016 ƙungiyarsu ta rubuta ƙarara cewa sai wani babban bala'i ya auku kafin masu kula da ginin su saurare su. Bayan gobarar kuma mutanen unguwar ba su tsaya ga ta'aziyya ba. Sun shafe shekaru suna fitowa tattakin shiru ranar 14 ga kowane wata, suna bibiyar kwamitin binciken da Sir Martin Moore-Bick ya jagoranta, har ya fitar da rahotonsa na ƙarshe a Satumban 2024, inda ya tabbatar da cewa dukkan mace-macen nan abu ne da za a iya kauce masa.

Mu kuma fa? Babbar kasuwar Katsina ta ƙone a Maris ɗin 2021, an yi jaje, an yi kuka. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a gobarar wata makarantar allo a Ƙauran Namoda, nan maƙwabtanmu Zamfara. Mutum nawa ne cikinmu ya koma gida ya buɗe akwatin fis ya duba bayan ya ji labarin? Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kuma kada wani ya fake da ƙaddara. Ya tabbata a hadisi cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce wannan wuta maƙiyiyarku ce, idan za ku kwanta ku kashe ta. Ya yi imani da ƙaddara fiye da kowa, kuma umarni ya bayar.

Mu fara daga wayarin, domin nan ne mu matasa muke da hannu dumu-dumu. Mu ne masu jan waya, mu ne masu sayo ta a kasuwa, mu ne masu cewa a rage kuɗi. Kowace waya tana da nauyin da za ta iya ɗauka. Ta milimita 1.5 ta fitilu ce da fanka. Ta 2.5 ta soket ce. Na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka suna son layinsu daban, yawanci da ta milimita 4, shi kuma murhun girki na lantarki ta 6. Idan aka ja soket da ta 1.5 don araha, fitila za ta kama, caji zai yi, babu wanda zai ga matsala sai ranar da aka jona dutsen guga da butar lantarki tare. Wayar ta ɗauki zafi a cikin silin inda ido ba ya gani, robarta ta bushe ta tsage, wata rana ta yi tartsatsi a kan katakon rufin da ya sha zafin bazara. Akwai kuma wayar da ake sayarwa da sunan tagulla alhali alminiyam ce aka shafa mata jan launi. Ka kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki, ajiye ta. Araha ba ta ado.

Fis da bireka an yi su ne don su yanke wuta kafin waya ta ƙone. Layin fitilu bireka mai amfiya 10 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) ya ishe shi, layin soket na waya 2.5 kuma 20. Mai gyaran da ya ce maka birekar tana yawan faɗuwa, bari a sa mai amfiya 63 a huta, ya cire maka mai gadi ne. Haka wanda fis ya ƙone ya naɗa masa waya mai kauri. Birekar da ke faɗuwa sanar da kai take yi cewa kaya sun yi wa layin yawa ko akwai inda waya ta taɓa, sai a nemo dalilin. Soket ɗaya na amfiya 13 iyakarsa wat 3,000 ne, dutsen guga kaɗai yana cin 1,000 zuwa 2,000. Wayar jone mai baki huɗu ta 'yan tebur sau da yawa ba ta iya ɗaukar rabin haka. Ka taɓa fulogi bayan minti goma da jona shi. In ya yi zafi, ko bakin soket ya yi baƙi, ko kana jin ƙaurin roba, kashe layin a ranar.

Sai ɗabi'ar nan da ta ci gidaje ba adadi: an ɗauke wuta, an bar hita a cikin bokitin roba, an fita. KEDCO ta dawo da wuta tsakar dare, ruwan ya ƙafe, bokitin ya kama. Da zarar an ɗauke wuta, a zare duk abin da ke ɗumama wani abu, kafin ma a nemi tocila.

Sola ta shigo gari, alhamdu lillahi, amma da yawa ana haɗa ta babu fis tsakanin batir da inbata. Batir ɗaya na iya zubo ɗaruruwan amfiya idan wayoyinsa suka haɗu, kuma ba ya faɗuwa kamar bireka. A sa fis kusa da kan batir, a ɗaure kawunan waya tamau, a ajiye batiran inda iska ke shiga, domin masu ruwa suna fitar da iskar da tartsatsi ɗaya ke tayar da ita. Kada a sa su ƙarƙashin matakala ko a ɗakin kwana.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya zuba ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa ya bi ƙarƙashin ƙofa. In kin ji warinsa, 'yar'uwa, kada ki taɓa makunnin fitila, kunnawa ko kashewa, domin duka biyun suna tartsatsi. Rufe kan tukunyar, buɗe ƙofa da taga, ki fitar da yara. Ana gwada yoyo ne da kumfar sabulu a bakin tiyo da mahaɗar kan tukunya, inda ya yi ƙwai nan ne yake zuba. Ashana ba abin gwaji ba ce. Tiyon da ya bushe ko ya tsage a canza shi nan take, ko bai tsage ba kada ya wuce shekara biyar. Idan mai ya kama a kasko, ruwa ne babban kuskure: yana nutsewa ƙarƙashin man, ya zama tururi nan take, ya watso wutar har silin. Kashe gas, ki rufe kaskon da murfi, ki bar shi ya huce.

Lokacin hunturu kuwa kowa ya san halinmu. Kaskon gawayi a ɗaki an rufe ƙofa da taga, igiyar leƙo kusa da katifa, turaren wuta a ƙarƙashin labule. Gawayi a rufaffen ɗaki ko bai ƙona komai ba yana kisa, da iskar da ba ta da wari ko launi, irin wadda janareta ke fitarwa.

Yanzu ga inda muka yi kama da Grenfell fiye da yadda muke zato. Farantan nan su ne ake manna wa gaban filaza da gidan mai da wasu sababbin benaye, waɗanda magina ke kira alukobon. Suna da aji: mai alamar PE robar zalla ce a ciki, mai FR an cakuɗa ta da abin da ke rage ci, mai A2 kusan ba ta ci. In kai ne mai ginin ko mai kula da aikin, ka nemi takardar kayan ka ga ajinsu, kada a lulluɓe benen da mutane ke kwana a ciki da PE. A cikin ɗaki kuma silin roba da katifar soso su ne abin tsoro. Silin roba yana narkewa ya zubo a kan mai neman hanya, sosan katifa yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba. Yawancin waɗanda gobara ke kashewa hayaƙi ne ke fara kayar da su, kuma mai barci ba ya jin wari yadda mai ido biyu ke ji. Shi ya sa na'urar nan mai ƙara idan ta shaƙi hayaƙi take da daraja. Batir take amfani da shi, ba ruwanta da NEPA. A manna ta a silin ɗin barandar da ke gaban ɗakunan kwana, nesa da kicin, a danna maɓallinta sau ɗaya a wata a ji ƙararta, a kakkaɓe mata ƙurar hunturu.

Maganar ƙarfen taga ba zan ce a cire ba. Halin tsaron da jiharmu ke ciki ba ɓoyayye ba ne, kuma mai iyali yana da hujjar garƙame gidansa. Amma a kowane ɗakin kwana a sa mai walda ya yi wa taga ɗaya ƙarfe mai buɗewa daga ciki, faɗinsa aƙalla rabin mita yadda babban mutum zai wuce. A rataye makullinsa a ƙusa kusa da tagar inda hannun na waje ba ya kaiwa, kuma kowa a gidan, har yaro ɗan shekara bakwai, ya san wurin ya kuma gwada buɗewa cikin duhu. Kwaɗon da ya yi shekara ba a buɗe ba tsatsa ta riga ta cinye shi, a riƙa ɗiga masa mai. Ku masu fita aiki ko kasuwa kuna kulle mata da yara ta waje da kwaɗo, ku ji tsoron Allah ku daina.

Ɗalibai masu kama haya a Batagarawa da Dutsin-ma da kewayen kwalejin Hassan Usman, kafin ku biya dillali ku hau benen ku ƙirga matakala. In ɗaya ce, ku duba me ke ƙarƙashinta, domin nan ake cusa janareta da jarkoki, wato an ajiye wuta a kan hanyar fita ɗaya tilo. Ku tambayi wa ke riƙe makullin get da dare. In kun ga matsala ku haɗu ku rubuta wa mai gidan takarda mai kwanan wata, kowa ya sa hannu, ku riƙe kwafi. In bai motsa ba ku kai wa mai unguwa da ofishin kwana-kwana. Ƙorafin baki na mutum ɗaya ba ya wuce bakin get.

Idan kuma abin ya riga ya faru, fara da ihu a tayar da kowa, a kashe wutar lantarkin gidan daga babban makunni in ana iya kaiwa. Tukunyar kashe gobara mai hoda ta kilo 6 ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi take ƙarewa, don haka a tsaya kamar taku uku, a saita gindin wutar, ƙofa tana bayanka. Wutar da ta kai silin ta fi ƙarfinka. Ka duƙa ka rarrafa, iska mai kyau tana ƙasa, ka ja ƙofar ɗakin da ke ci ka rufe, domin rufaffiyar ƙofa tana saya wa sauran gidan mintuna. Kada a koma ɗaukar takardu. Wanda tufafinsa suka kama ya kwanta ya mirgina, gudu ƙara mata ƙarfi yake yi. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara mata har minti ashirin, ban da ƙwai, ban da man goge baki, sannan asibiti.

A kira 112 tun da farko, kada a bari sai guga ya gaza, kuma a je ofishin kwana-kwana mafi kusa a karɓi lambarsu ta kai tsaye a rubuta a bangon zaure. Mu da ke cikin gari, Ƙofar Sauri ko Rafindaɗi, mun san lungunanmu ba kowanne mota ke shiga ba. Mutum ɗaya ya tsaya a bakin titi ya nuna musu hanya, wasu su janye babura da teburan da suka tare lungu, masu ɗaukar bidiyo kuma su matsa su ba tiyo wuri.