A zana aikin waliyyi, a bar fuskarsa

A yawancin makarantun firamare na Maradi, abin da malami ya mallaka bai wuce tablo da guntun alli ba. Littattafai ba sa isa, ajin ma wani lokaci rumfar kara ce. To ni dai a ganina, da wannan allin za a iya dasa wa yaro tausayi a zuciya fiye da wa'azin awa guda.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: zanen mai rai haramun ne, kuma batun waliyyai ya daɗe yana raba ɗan ɗarika da ɗan Izala a garin nan. Damuwarsu ba ta banza ba ce. Amma wa ya ce sai an zana fuska? Mu da muka gaji zayyanar allo ranar saukar Alƙur'ani mun san yadda ake ƙawata abu ba tare da surar mutum ba.

Ɗauki hadisin nan da ke cikin Bukhari, na mutumin da ya tarar da kare yana lasar ƙasa don ƙishi, ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hauro, ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Malama ta zana bakin rijiya, ta zana huffi yana ɗigar ruwa, sai sawun kare a gefe. Ta juyo ta ce, “Yara, me ya sa ya riƙe takalmin da baki?” Yaron da ya gano cewa hannayensa biyu na kama bangon rijiya, ya riga ya ji wahalar a jikinsa. Da wuya ya fita ya jefi kare a hanyar gida.

Waliyyanmu ma haka ya kamata a kawo su. Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani malamai ne na Katsina a ƙarni na 17, kuma Katsinawan Maradi na da gado a kansu. Labarin karama shi ke jawo gardama, yaro kuma ba zai iya kwaikwayonsa ba. A zana tawada da alƙalami da tabarmar almajirai, a nuna masa mutanen da suka zauna suka karantar da 'ya'yan wasu. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, malfa da jan rawanin da take naɗa wa jajis, wato matan da ke yawon karantar da mata a ƙungiyarta ta 'Yan Taru, sun isa zane.

Abin da nake roƙon daraktocin makarantu kaɗan ne: a ware kusurwa ɗaya ta tablo da ba a gogewa har Juma'a, a sayi alli mai launi, kuma a riƙa ba yaran su zana da hannunsu.