Sun tace ruwansu, sun jibge mana dagwalon a bayan gida

Wai don Allah waye ya gaya wa masu kamfanonin fatar nan cewa da zarar sun tace ruwan dattinsu shikenan aiki ya ƙare? To lakar da ke kwantawa a gindin tankin fa, baƙar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ina ake kai ta? Mu da ke zaune ta wajen Challawa a Kano mun san amsa. Tifa ce ke zuwa da asuba ta juye ta a fili bayan gidajenmu ta ƙara gaba, mu kuma mu wuni ƙofa da taga a rufe cikin zafin nan, ƙuda kuwa ba a magana.

Jama'a duk abin da aka cire daga ruwan nan fa bai ɓace ba, yana cikin lakar. Kuromiyam, wato ƙarfen da ake jima fata da shi, gishiri, farar ƙasa, maganin zubar da gashi, guntun nama da kitse, duk suna ciki. An ɗauke kashi daga ɗaki an ajiye a tsakar gida ne kawai.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake bari 'yan lambu suna kwasa wai taki. Kuma ni ban ga laifinsu ba, kowa ya san yadda buhun takin zamani ya yi tashin gwauron zabi. Na ce wa wani dattijo maƙwabcinmu, Baba wannan abin guba ne fa, ya nuna min latas ɗinsa kore shar ya ce ɗana guba ce ke sa ganye ya yi haka? Me zan ce masa? Gaskiyarsa ce, akwai naitirojin da fosfaras a ciki, shuka na so, to nan ɗin ne yaudarar take. Lokacin da lakar ke sabuwa farar ƙasar da ke ciki tana riƙe ƙarafan, amma damina ta zo ta wanke ta, a zuba yuriya ƙasa ta ƙara tsami, naman da ke ciki ya gama ruɓewa, sai ƙarafan su fara sakuwa a hankali suna bin ruwa suna shiga saiwa. In kuma lakar ta haɗu da dattin batir da fenti to ga dalma ga kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, kuma ganye irin latas da alayyafo sun fi komai zuƙar kadmiyam. Wanda ya riga ya shiga cikin ganye ko da ruwan gishiri ka wanke ba ya fita, dafuwa ba ta kashe ƙarfe, ya je ya zauna a ƙoda shekara da shekaru. Kayan lambu kuma kasuwa ake kai su, in ka tsaya a kasuwar 'Yankaba kana ciniki babu mai gaya maka da wane taki aka noma.

Sai kuma masu cinna wa tsibin wuta idan ya bushe wai don a rage shi. Haba! Wuta ce ke juya kuromiyam ya koma nau'in da ya fi muni, wanda ke cin fata yana jawo ciwon daji, yaranmu kuma nan suke buga ƙwallo ba takalmi, su dawo ƙafa duk tokar.

Shi kansa takin da ake yabo in ya yi yawa bala'i ne. Ruwan sama ya kwashe shi ya zuba a kogi, gansakuka da kainuwa su rufe ruwa, kifi ya rasa iska. Ku je ku ga yadda kogunan Jakara da Getsi ke kwasar dattin gari da na kamfanonin Bompai suna kaiwa dam ɗin Wasai. Wani kuma ƙasa yake nutsewa ya shiga rijiya, da ruwan ake dama wa jarirai koko. Kogin Challawa kuwa ai daga shi ake jan ruwan da ake tacewa a ba mutanen Kano.

Mun manta Zamfara a 2010 ne? Yara sama da 400 gubar dalma ta kashe, can daga haƙar zinare ne na sani, amma sai da aka bi gida gida ana kankare saman ƙasa ana kwashewa, don ƙarfe in ya shiga ƙasa ba ya ruɓewa.

Mun je wajen mai unguwa, mun rubuta takarda zuwa ofishin da ya dace, suka zo da farar mota suka toshe hanci da hankici suka ɗauki hoto suka tafi, shiru kake ji. Ba cewa muka yi a rufe kamfani ba, ƙannenmu a can suke samun na abinci. A haƙa rami mai shimfiɗa nesa da gidaje da kogi, a ware ruwan kuromiyam daban tun a cikin kamfani don ana iya tace shi a sake jima da shi, a auna lakar kafin a ba manomi ko shebur ɗaya, a auna mana ruwan rijiyoyinmu a manna sakamakon a ƙofar mai unguwa kowa ya karanta. Kuma wannan tsibin a zo a kwashe shi kafin ruwan farko ya sauka.