Wani uban ko ajin ɗansa bai sani ba

Wallahi kiran da aka yi a wani labari cewa iyaye maza su riƙa leƙa makarantar 'ya'yansu ya yi daidai. Ni malamin firamare ne a Kano, ranar mitin ɗin PTA (taron iyaye da malamai) mata ne ke cika aji, maza kuwa ba su fi a ƙirga ba. Kwanaki wani bawan Allah ya zo neman ɗansa, na ce aji nawa yake, sai ya zaro waya yana kiran maman yaron, ashe yaro na aji 5 shi yana ta dube-dube a aji 3! Haba Alhaji, ba kuɗin tara ne kaɗai hakkinsa ba fa, ko bayan Isha'i ka buɗe jakarsa ka ga me ya rubuta yau.